Zaƙin Kalmomin Kimiyya, da Haƙƙin Yaranmu a Kansa

Duk wanda ya fara cewa "jirgin sama mai saukar ungulu" mawaƙi ne, ko da bai taɓa tsara baiti ɗaya ba a rayuwarsa. An nuna masa wani jirgi mai farfela a ka, wanda ba ya bukatar dogon fili kafin ya tashi ko ya sauka, aka ce ya raɗa masa suna. Sai ya tuna yadda ungulu ke shawagi a saman mayanka, ta yi ta kewaye, sannan ta saki ƙafafu ta dira wuri guda. Ya ɗauko wannan ya liƙa wa jirgin. Yau ungulu ta yi ƙaranci a Kano, har akwai yaran da suka san jirgin amma ba su taɓa ganin tsuntsuwar ba, duk da haka sunan na nan daram.

Haka "tauraron ɗan'adam". Tauraro halitta ce ta nesa wadda hannu ba ya kaiwa, ɗan'adam kuwa shi ne mai rauni, mai ciwon kai da mantuwa. Wani ya haɗa su a suna ɗaya, sai mamakin abin da ya faru a 1957, lokacin da Tarayyar Sobiyet ta harba na farko, ya shige cikin kalmomi biyu. Da Nijeriya ta samu nata na farko a Satumban 2003, wanda aka harba daga Rasha, babu tsohuwar da ta bukaci a yi mata dogon bayani a rediyo. Tana jin sunan ta san abu ne da mutum ya ƙera ya rataye a sama. Ga kuma "makamin ƙare dangi". Wannan suna ba ya ɓoye komai, ba ya yi wa abin da ya faru a Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945 ado. Mai faɗarsa ma sai ya ji nauyinsa a baki.

Ra'ayina shi ne wannan zaƙi da ke cikin kalmomin kimiyya da fasaha ba kwalliya ba ce da za a iya cirewa a ajiye. Yana cikin aikin kalmar. Kuma muna cikin hana yaran Kano shi, a ajujuwan da ake sa su haddace sauti ba tare da an nuna musu hoton da ke ciki ba.

Bari in ɗauki misalin da ya fi kama ni. Masana taurari suna auna nisan sararin sama da tafiyar haske. Haske yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Daga rana zuwa nan, tazarar kilomita miliyan 150 ko kusa da haka, yana ɗaukarsa minti 8 da daƙiƙa 20. Idan ya yi shekara guda cur yana tafiya, ya ci wajen kilomita tiriliyan 9 da rabi, kuma wannan tazarar ce suka mayar ma'auni, suke kiranta shekarar haske. Bahaushe bai kamata ya sha wahalar gane wannan ba, domin da lokaci muke auna nisa tun asali. Fatake ba su ce daga Kano zuwa Gwanja mil kaza ne ba, cewa suke tafiyar wata kaza ce, zango kaza ne. Har gobe idan ka tambayi direba a tasha nisan gari, da awa zai ba ka amsa. Masanin taurari ya yi abin da bafatake ke yi ne, sai dai matafiyinsa haske ne.

To, ka fita tsakar gida a daren hunturu, musamman idan an ɗauke wuta kuma hazo bai yi yawa ba, ka nemi curin taurarin nan da muke kira Kaza da 'Ya'yanta. Nisansu daga gare mu tafiyar haske ce ta kimanin shekara 440. Ma'ana, hasken da ya shiga idonka a wannan dare ya baro su ne fiye da shekara 200 kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804. Yana kan hanya aka yi jihadin, yana kan hanya Turawa suka shigo Kano a 1903, yana kan hanya aka haifi kakanka aka haife ka. Babu ƙari ko na gashi a wannan magana, lissafi ne tsantsa. Amma ni ban san mutumin da zai fahimce ta sosai tsigar jikinsa ba ta tashi ba. Mumini zai ce Subhanallahi, kuma ya faɗi daidai. Abin da nake so a lura da shi kawai shi ne cewa daɗin maganar daga gaskiyarta ya fito. Da ƙarya ce, da tatsuniya ce kamar ta Gizo da Ƙoƙi, a saurara a yi dariya a kwanta.

Haka Zara matar wata. Yaro zai ji daɗi idan aka gaya masa cewa Zara da ke fitowa da magariba da Gamzaki da ke fitowa da asuba abu ɗaya ne, kuma ba tauraro ba ne ma, duniya ce 'yar'uwar tamu mai kewaya rana, hasken rana take haskawa da shi. Tana gama kewaye rana cikin kwana 225 na lissafinmu, amma kafin ta juya a kan kanta sau ɗaya sai ta yi kwana 243. Sunan gargajiya bai rasa komai ba da wannan bayani. Sai ma ƙaruwa da ya yi.

Akasarin sunayen zamanin nan da na ambata a bakin masu fassara labarai suka nuna. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, sashen Hausa na BBC ya buɗe a 1957, sannan ga gidajen rediyon Kaduna da Kano da waɗanda suka biyo baya. Mai fassara yana da 'yan mintoci kafin a shiga labarai, kuma ya san manomi a Gezawa da mai shayi a Fagge za su saurara. Idan ya kawo kalma mai nauyi, ta mutu a ranar. Idan ta hau harshe, gobe ka ji ta a Kantin Kwari. Ta wannan tankaɗe da rairaya ne muka samu "yanar gizo" da "garkuwar jiki" da "kwararowar hamada". Dubi na ƙarshen nan. Hamada busasshiya ce, amma aka ba ta aikatau na ruwa, kuma duk wanda ya je arewacin Jigawa ko Yobe ya ga yadda rairayi ke binne gona ya san kwarara take yi.

Kada a ɗauka abin na zamanin rediyo ne. Ɗalibin da ya karanta aruli a zaure a cikin birni ya san cewa Halilu ɗan Ahmad, mutumin Basra wanda ya tsara ma'aunin waƙar Larabci a ƙarni na 8, daga tantin makiyaya ya ɗebo kalmominsa. Baiti ɗaki ne, sababi igiya ce, watadi turke ne, kowane ma'auni kuma ya kira shi bahari, wato teku. Aljabara da ke firgita 'yan sakandare, daga littafin Alkawarizmi na Bagadaza ta samo suna a farkon ƙarni na 9, kuma asalin kalmar na nufin ɗori, irin wanda maɗori ke yi wa karyayyen ƙashi: abin da aka tauye a wannan ɓangare na lissafi a mayar da shi ta wancan, har ɓangarorin su daidaita. Da za a gaya wa yaro a ranar farko cewa ɗori za a koya masa, da da wani ido zai kalli allon. Mu ma muna da gado a nan. Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan murabba'an lambobi da jimillarsu ke fitowa daidai ta kowace fuska, kuma masu tarihin lissafi na ambatonsa har yau.

Masu sana'a ma haka. A marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, ana zuba baba da toka da katsi a rami, a bari su yi kwanaki suna ruɓa. Marini ya tsoma zane, ya ɗago shi, ya sake tsomawa. Zanen yana fitowa ne da launin kore-kore, sai a gaban idonka ya riƙa juyewa shuɗi. Ka tambaye shi dalilin ɗagowar, zai ce don ya sha iska. Masanin sinadarai zai yi maka bayani mai tsawo: shunin baba ba ya narkewa a ruwa, ƙananan halittun da ke cikin ramin ne ke sauya shi ya narke ya shiga zare, sannan iskar oksijin ta mayar da shi yadda yake, ya maƙale a cikin zaren ba ya fita. Duk gaskiya ne. Amma "ya sha iska" bai kauce wa wannan bayani ko da taki ɗaya ba. Malamin kimiyyar da ke koyarwa a birnin nan, ramukan nan na kusa da shi, in bai fara darasin daga bakin marini ba ya bar dukiya a ƙofar gida.

Hujjata mafi ƙarfi dai tana cikin jami'a. Akwai fanni guda da malamanmu suka zauna suka gina masa kalmomi tun daga tushe, wato nazarin harshen Hausa kansa. A Jami'ar Bayero, inda cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, da Hausa ake karanta Hausa har digiri na uku. Saurari abin da suka ƙera. Ƙarin da ake yi wa kalma a gaba suka kira shi ɗafa-goshi, na baya ɗafa-ƙeya, na tsakiya ɗafa-ciki. Kalma ta zama mutum mai goshi da ƙeya. Yankin kalma suka ce gaɓa. Idan sauti ya shafi maƙwabcinsa har ya ɗauki kamanninsa, suka ce naso, kamar yadda danshi ke bin bango. Nazarin yadda ake gina kalma suka ce ƙirar kalma, suka tura mu maƙera. Daidaituwar ƙarshen layukan waƙa kuwa amsa-amo. Waɗannan kalmomin ilimi ne masu iyaka, ana cin jarrabawa ana faɗuwa a kansu, ba a yi musu sassauci ba. Amma ɗalibin da ya ji ɗafa-ƙeya sau ɗaya ba zai sake tambayar a ina ake liƙa shi ba. Kalma irin wannan gammo ce. Ba ita ce kayan ba, amma da ita ake ɗaukar kaya mai nauyi a yi nisa. Idan an iya yi wa ilimin harshe haka, ban ga abin da ya hana a yi wa ilimin halittu da na sinadarai da na lantarki ba, in ban da rashin niyya.

Kwanaki 'yar yayata, wadda ke ƙaramar sakandare, tana zaune tana maimaita wata doguwar kalmar Turanci mai gaɓa biyar, wato photosynthesis, da ma'anarta, kamar mai tilawa. Ta haddace tsaf, amma da na tambaye ta me ake nufi, sai ta sake karanto min haddar. Na ce mata ganye ne ke haɗa abinci da hasken rana: saiwa ta jawo ruwa, ganye ya shaƙi iskar kabon, hasken rana ya ba da ƙarfin haɗa su su zama suga, sannan ganyen ya saki iskar da muke numfashi da ita. Ta yi shiru, can ta ce, "Kawu, to ke nan wutar icce ma daga rana take?" Na ce ƙwarai kuwa. Babu wanda ya koya mata wannan, ita ta cim masa da kanta cikin minti ɗaya, don kawai an ba ta maganar da harshen da take tunani da shi. Ita kalmar Turancin ma, a asalinta na Girkanci, haske da haɗawa take nufi. Yaron da ya tashi da wannan harshe yana iya hango hoton. Namu sauti kawai ake ba shi.

Na san abin da za a ce. Za a ce da Turanci ake rubuta jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, da Turanci ake karatun likita, kuma jihar da ta kafa makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, waɗanda suka yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa, da Turanci ta yi. Gaskiya ne, kuma ba na kiran a yar da Turanci. Yaro ya koyi kalmar duniya, ya rubuta ta a jarrabawa. Amma fahimta ce ke riƙe hadda, kuma fahimta ta fi saurin shiga ta ƙofar da take a buɗe. A ƙarshen Nuwamban 2022, zamanin da Malam Adamu Adamu ke ministan ilimi, gwamnatin tarayya ta amince a koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare. A Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da janye manufar, aka koma Turanci. A ganina an yanke wa abu hukunci ne tun ba a gwada shi yadda ya kamata ba, domin koyarwa da Hausa na bukatar littattafai da horar da malamai da kalmomin da aka amince da su, kuma waɗannan ba sa samuwa da sanarwa. Malaman firamare a Kano dama da Hausa suke bayani idan Turanci ya ƙi, kowa ya san haka. Kowannensu yana ƙirƙirar nasa ne a tsaye gaban allo, wani ya dace, wani ya kuskure.

Akwai kuma wata suka da ta fi wannan nauyi, wadda ba na son in tsallake. Suna mai daɗi yana iya ɗaukar kuskure ya yi ta yawo da shi, kuma daɗin nasa ne ke hana a rabu da shi. "Shan inna" suna ne mai hoto, mai saurin shiga zuciya, amma hoton yana nuna Inna ce, wato iska, ta shanye wa yaro ƙafa. Alhali ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki, ta hanyar ruwa ko abincin da bahaya ya gurɓata, ta kai ga jijiyoyin laka, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta fi kamawa. Uwar da ta yarda iska ce, wurin mai maganin iska za ta nufa. Ba na cewa sunan ne ya jawo dakatar da rigakafin da aka yi a Kano daga 2003 zuwa tsakiyar 2004. Wannan yana da dalilansa, har da jita-jita da rashin yarda da ya biyo bayan gwajin wani magani da aka yi a kan yara a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau. Amma sunan bai taimaka wa masu ɗiga maganin ba, kuma sai a Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Yaran da suka shanye a tsakani suna nan tare da mu.

Kwatanta da "zazzaɓin cizon sauro". Kalmar maleriya daga Italiyanci take, ma'anarta mummunar iska, saboda a da an zaci tururin fadama ne ke kawo ta. Sai a 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro a Indiya. Sunan Turawa ya ci gaba da ɗauke da tsohon kuskure, namu kuwa yana faɗin sanadin a fili, har yana nuna maka gidan sauro ba tare da an ce ka saya ba. Saboda haka ma'aunin da nake ba da shawara biyu ne, kuma dole a haɗa su: sunan ya hau harshe, hoton da ke cikinsa kuma ya zama gaskiya.

Da wannan ma'auni nake da ja a kan "ɗumamar yanayi". Ɗumi a wurinmu abin so ne. Ɗumin ɗaki a hunturu, ɗumamen tuwo da safe, ɗumin jikin uwa. Abin da ake nufi kuwa shi ne iskar kabon a sararin sama ta tashi daga kusan kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420, duniya ta ƙara zafi da fiye da digiri ɗaya. Ga wanda ke zaune a Kano a watan Afrilu, zafi ya haye digiri 40, babu wuta babu ruwa, wannan ba ɗumi ba ne. Sunan ya yi laushi, yana kwantar da hankalin da ya kamata ya tashi. Da "ƙaruwar zafin duniya" aka tsaya a kai, da ya fi gaskiya, ko da bai kai wancan santsi ba.

Aikin nan ba na mutum ɗaya ba ne, kuma ba na masana harshe su kaɗai ba ne. Ina so in ga jami'o'inmu na Kano da ma'aikatar ilimi ta jiha sun kafa zama na dindindin inda malamin sinadarai zai zauna da marubucin waƙa, da mai fassara labarai, da marini, da bakanike daga Ƙofar Ruwa, da mai gyaran waya daga Farm Centre. Masanin ya tsare gaskiyar ma'ana, mawaƙin ya tsare kunne, mai sana'ar ya faɗi abin da ake cewa a bakin aiki, domin sau da yawa sunan yana nan tuntuni, ba a dai rubuta shi ba ne. Bakanike ya daɗe yana cewa ƙwaƙwalwar mota. Abin da aka amince da shi a gwada shi a rediyo da ajujuwa na zango guda, wanda ya kama a buga shi a saka a intanet kyauta, wanda bai kama ba a sake. Inda kalmar aro ta riga ta zauna, irin su lantarki da batir da oksijin, a bar ta, ai ta zama tamu.

Kuma da gaggawa, domin sababbin abubuwa ba sa jira. Yanzu haka ana kokawa da sunan fasahar nan da ke sa kwamfuta ta yi rubutu ta amsa tambaya. Kafafen labarai sun fi cewa "ƙirƙirarriyar basira". Yana da kyau a takarda, amma yana da nauyi a baki, shi ya sa matasa ke gudunsa su kama haruffan Turanci guda biyu, wato AI. Basira kuma a wurinmu tana da alaƙa da hasken zuciya, abin da na'urar da ke hasashen kalma ta gaba daga tarin rubutun da aka ɗura mata ba ta da shi. Ni da za a tambaye ni, wajen kwaikwayo zan nemi sunan, domin kwaikwayon tunanin mutum take yi, kuma yaron da ya san haka tun daga sunan zai riƙa bincika amsarta kafin ya kwafa ya kai wa malami.